Yadda Na Zama Dami Uku

Na san kun sha jin ana kirana Dami Uku, na kuma san ba ku jin daɗin sunan. Ke Hadiza, ban manta ranar da kika dawo daga makaranta kina kuka ba, don wata ta ce miki digirin babanki dami uku ya haifa. Ran nan ban ba ki amsa ba, cewa na yi ki je ki wanke fuska. Yanzu da na ajiye aiki, gwiwoyi kuma suka fara hana ni yawo, na ga ya kamata in rubuta muku yadda abin ya faru, iyakar abin da na riƙe. Wataƙila wani cikin waɗanda suka halarta ya ce ba haka aka yi ba. Yawancinsu dai sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuwa kowa da irin nasa zancen. Ga nawa, inda na manta kuma zan ce na manta.

Shekarar ita ce wadda ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta gama fitar da kai ba. Ga fari, ga tsadar kaya, sabulu da kananzir sai an bi layi, shi ma ba kullum ake samu ba. A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, aka ɗauke ni malamin gona, aka turo ni yankinmu, tsakanin Tsanyawa da Shanono. Ku da kuka tashi a birni ba lallai ku gane abin da hakan ke nufi ba. A wurinmu gona manne take da gona, iyaka ba ta wuce layin gamba ko 'yan itatuwan lalle, ba ka tafiyar minti biyar ba ka yi wa wani sannu da aiki ba. Abin da ka shuka kowa ya gani, abin da ka girbe kowa ya ƙirga maka da ido, ko da ba wanda zai furta.

Kakanku Malam Garba ya rasu shekara biyu kafin nan, ya bar mini gonar da ake kwatance da ita, domin ni kaɗai ne ɗansa namiji. Ofishinmu kuwa ya kawo wani sabon irin dawa, gajeriya, aka ce kowane malamin gona ya sami gonar gwaji. Na ce wace gona ta fi tamu? Na shuke ta kaf da sabon iri, layi-layi, har da igiyar awo. Inna, kakarku, ta tsaya a bakin gona tana kallona. Kun san ba ta taɓa kiran sunana ba, kasancewata ɗan fari, sai dai ta ce "kai wannan".

"Kai wannan, ka bar mini ko gefe guda in jefa gero da wake."

"Inna, wannan irin ba a haɗa shi da komai. An gwada shi, an auna."

"Su da suka gwada, da ruwan garin nan suka gwada?"

Na yi dariya a lokacin. Ba zan ɗora wa irin laifi duka ba, don a gaskiya iri ne mai son taki da ruwa har ƙarshen damina, takin bai iso ba, ruwan kuma bai jira ba. Masu gero da wake sun ɗan tsira da wani abu, ko da kaɗan ne. Ni kuwa, gonar da mahaifina ke cika rumbu uku da ita, dami uku na ɗaure. Da keke na kai su gida, sawu ɗaya, ta bayan gari. Rahoton da na aika wa ofis kuma na zauna na yi masa ado: na ce sakamako bai kai yadda ake fata ba saboda wasu dalilai na yanayi. Ban yi ƙarya ba, amma ban rubuta adadi ba, kuma na san abin da ya sa.

To, a garinmu ana kalankuwa bayan an gama kai amfani gida, wato bikin kaka, inda makaɗa ke taruwa daga ƙauyukan kewaye. Zuciyar bikin kuwa ita ce gangar noma. Kowane gidan manoma yana da takensa, wato wani kiɗa da ganga ke faɗin sunan mai gidan da shi. Idan makaɗi ya kaɗa takenka, sai ka tashi da garma a hannu, ka shiga fage, ka yi kirari, ka faɗi dami nawa ka ɗaure a bana, ka ba makaɗi dami guda. Idan mai take ya rasu, ana barin taken ya huta shekara ɗaya. Shekara ta biyu a kaɗa shi, ɗansa ya tashi ya karɓa. In aka kaɗa sau uku ba wanda ya tashi, makaɗi zai kifa gangarsa a ƙasa, kuma ba za a sake jin wannan taken ba har abada. Wannan shekarar ita ce ta biyu ga taken mahaifina. Tun ina goye nake jin sa: *Garba na Hajo, rana ba ta taɓa riga ka fita ba.* Hajo ita ce Inna.

Da aka zauna a zauren dagaci, dattawa suka ce a fasa bikin bana, wa ke da bakin kirari? Samari suka ce in aka fasa, to su gobe za su kama hanyar cin-rani, don ba abin da ya riƙe su sai shi. Ni ne sakataren ƙungiyar gari, don ni ke da biro. Na kawo shawara ta tsakiya: a yi biki, a gayyato makaɗa fiye da na kullum, amma kada a kaɗa taken kowa, don a rufa wa mutane asiri. Aka yaba mini, dagaci har ya ce ilmi ya yi rana. Shekaru da yawa ina gaya wa kaina cewa don mutane na yi. Yanzu da na tsufa ina ganin mutum ɗaya na fi tunawa a cikin mutanen nan, shi ne mai dami uku. Abin da ya ƙara ɗaure ni, shugabanmu na ofis ya ji labari ya ce zai zo, zai kuma yi jawabi a kan sabon iri, ya nuna ni a matsayin misali. A lokacin sunana na cikin waɗanda za a tura ƙarin karatu, daga nan a ba su babban matsayi a aikin noman rani.

Na buga tsarin biki a keken rubutu, kowane makaɗi da lokacinsa, na ɗauki kwafi na kai wa Baba Tanko, makaɗin noman garinmu. Tsoho ne siriri mai ido ɗaya, shi ya yi wa mahaifina kiɗa tun suna samari. Na same shi a gindin ɗorawa yana ɗaure fatar ganga. Na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa takardar, na yi ta kewaye-kewaye kafin na iso wurin maganar take.

"Wato in kaɗa ganga, amma kada ta kira kowa," in ji shi.

"Na bana kawai, Baba. Saboda halin da ake ciki."

"Ka taɓa ganin an yi sallama a ƙofar gida an ce kada kowa ya amsa?"

"Ba haka nake nufi ba. Ina ganin dai, wataƙila, in an yi kiɗan kowa-da-kowa…"

"Na ji, Malam Auwalu. Ni zan kiyaye." Ya ɗaga hannunsa na dama ya dube shi. "Wannan ne ban sani ba. Bai yi makaranta ba."

Na koma gida ina juya maganar. Na tambayi mahaifiyarku, wadda a lokacin amarya ce, ko tana ganin alkawari ya yi mini. Ta ce ita dai ba ta ji alkawari a ciki ba, in ci tuwo.

Ranar Asabar, in ban manta ba, bayan azahar, aka taru a filin da ke gaban makarantar firamare, ƙarƙashin kukoki. Duk da yunwar shekarar, ban taɓa ganin taro irinsa a garinmu ba. Mutane sun zo a ƙafa, a keke, a jaki, wata ƙaramar bas daga Tsanyawa ta sauke mutane har sau uku. Kowa ya ciro rigar da ta rage masa. Makaɗan mahauta suka buɗe fage da kalangu, su huɗu, suna matse shi a hammata yana magana kamar mutum, Sarkin Fawa da tumbinsa ya taso yana rawa har hularsa ta faɗi. Maƙera suka biyo da dundufa. Wasu Fulani daga wajen Shanono suka zo da sarewa da ƙwarya, samarinsu suka jeru kafaɗa da kafaɗa suna tsalle wuri ɗaya, 'yan matanmu suna leƙe suna rufe baki. Akwai wani mai gurmi daga wajen Watari, makaho, da ya yi waƙar tsadar sabulu, ya ce matarsa ta ɓoye guntun sabulu a inda take ɓoye 'yan kunnen aurenta, mata suka yi ta dafa juna. Sai samarin garinmu da suka haɗa ƙungiya, suna da duma da kukuma da lasifika mai aiki da batirin mota, wadda kan yi ƙara kamar an taka wutsiyar kare duk sanda mawaƙin ya matso ta. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Asabe, ita ke jagorantar mata masu kiɗan ƙwarya, sun kifa ƙore a cikin ruwa suna bugawa. Ni kuwa ina tsaye da agogo da takarda, ina ɗaga wa kowa hannu in lokacinsa ya cika, ba wanda ya dube ni.

Shugabanmu ya iso da motar ofis, aka ba shi kujera kusa da dagaci. Ya yi jawabi mai tsawo, ya ce zamanin gero da wake a gona ɗaya ya wuce, ya nuna ni ya ce ga ɗanku nan, ku tambaye shi abin da sabon iri ya yi masa. Ba wanda ya ƙaryata shi. Mutanenmu suna da kara. Sai dai na ga Baffa Idi, maƙwabcin gonarmu, ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Bayan la'asar Baba Tanko ya shigo da gangarsa rataye a kafaɗa, masu amshinsa biyu a baya. Ya fara kiɗan kowa-da-kowa kamar yadda na roƙa. A nan na ga kuskurena da idona. Filin da ke ta tafasa tun azahar ya yi sanyi. Manoma suna zaune a jere, kowa da garmarsa a gabansa, don sun zo da su bisa al'ada, ba wanda ya tuna cewa ba za a buƙace su ba. Ganga tana ta yawo a tsakaninsu ba ta tsaya a kan kowa ba. Na rufa musu asiri, amma na mai da su baƙi a bikinsu. Wani tsoho a kusa da ni ya ce, ba da ni yake ba, "Ashe bana har sunayenmu fari ya cinye."

Sai kiɗan ya sauya. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Taken mahaifina ne. *Garba na Hajo, rana ba ta taɓa riga ka fita ba.* Baba Tanko bai dube ni ba, ya kafa idonsa ɗaya a saman kuka. Har lasifikar samari aka kashe. Ya kai ƙarshe ya tsaya. Sau ɗaya ke nan.

Na dubi takardar hannuna kamar akwai amsa a ciki. Na dubi shugabanmu, yana murmushi yana kaɗa ƙafa, bai san me ake ciki ba. Na lissafa abin da ke gabana. In na tashi, dole in faɗi adadi, kuma ba a ƙarya a gaban ganga, ba don wani tsafi ba, sai don mutum ɗari a wurin sun ga keken nan da ya bi ta bayan gari. In na faɗi gaskiya, na ƙaryata shugabana a gaban jama'a, minti kaɗan bayan jawabinsa. In na zauna, taken mahaifina ya mutu a hannuna. Ganga ta sake ɗauka. Sau biyu.

Can cikin mata na hango Inna. Ba ta kallona, ba ta taɓa kallona a cikin mutane ba. Amma na ga ta miƙe tsaye, ta kwance gyalenta tana ɗaure shi a ƙugu, irin ɗaurin da take yi in za ta shiga gona. Ban san ko da gaske shiga fagen za ta yi ba. Na tambaye ta daga baya, ta ce ƙugunta ne ke ciwo.

Baba Tanko ya ɗaga gula, sandar kiɗansa, zai fara na uku, sai na ji kaina ina tafiya. Ban zo da garma ba. Baffa Idi ya miƙo mini tasa, ya karɓi takardar da agogon ya ajiye a ƙasa. Na tsaya a tsakiyar fage da wandon ofis da takalmi sau-ciki, na ɗaga garma, ta fi yadda nake zato nauyi. Ban taɓa kirari ba. Muryata ta fito siririya.

"Ni ne Auwalu ɗan Garba na Hajo."

"Ba mu ji ba," in ji wani daga baya. "Ko da Turanci ne, ɗaga murya."

Aka yi dariya, dariyar kuma ta ɗan sake ni. Na buɗe murya.

"Sai ni Auwalu ɗan Garba na Hajo! Ni na tafi jami'a na karanta noma shekara huɗu. Ni na auna gona da igiya. Ni uwata ta ce in bar mata gefe, na ce an gwada. Gonar da ubana ya cika rumbu uku da ita, ni Auwalu, a bana, na ɗaure dami uku!"

Sai Baba Tanko ya saki wata irin dariya, ya rangaɗa wa ganga duka, ya kaɗa taken daga farko, a ƙarshensa ya ƙara bugu uku masu nauyi waɗanda da babu su. Kowa ya ji abin da suka ce. Gwaggo Asabe ta callara guɗa. Filin ya fashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, kuma abin mamaki, ba ta yi mini zafi ba, don masu yin ta hawaye suke sharewa suna tasowa. Baffa Idi ya fizge garmarsa daga hannuna tun ba a kaɗa nasa taken ba.

"Matsa, yaro, kai har ka samu na ɗaurewa. Sai ni Idi, na shuka sau uku, awaki suka girbe mini!"

Daga nan ba wanda ya iya tsayar da abin. Baba Tanko ya bi gida-gida yana kiran take, kowa ya taso yana alfahari da asararsa kamar wanda ya ci kokawa. Wani ya ce shi rumbunsa har ɓeraye sun yi masa sallama sun koma gidan surukinsa. Surukin ya taso ya ce ƙarya ne, sun zo sun duba sun wuce. Wani ya ce ya ɗaure dami bakwai, aka yi masa ihu aka ce ya fita, ba sa'anmu ba ne. Masu kalangu suka shigo ba a kira su ba, Fulani suka kawo sarewarsu, makahon mai gurmi ya sa aka jawo shi tsakiya, mata suka ƙirƙiri waƙa nan take, amshinta "dami uku, na malam, dami uku". Na yi rawa, 'ya'yana. Ban iya ba, mahaifiyarku ta ce kamar mai kashe wutar kara da ƙafa, amma na yi har aka kira magariba.

Na je na ɗauko dami guda cikin ukun, bisa al'ada, na ajiye a gaban Baba Tanko. Ya zare zangarniya ɗaya ya tura mini sauran da ƙafa.

"Bana zangarniya ita ce dami. Kai wa Hajo, kada ta ce na cinye mata gida."

"Baba, ka ce za ka kiyaye."

"Na kiyaye. Hajo ce ta aiko mini da goro shekaranjiya, ta ce a gaishe da hannuna."

Shugabanmu ya fi kowa dariya a ranar, har ya cire hula yana fifita. Ranar Litinin kuma na tarar da takarda a kan teburina, ana neman in yi bayanin abin da ya sa na zubar da mutuncin aiki a bainar jama'a. Na rubuta amsa shafi huɗu, wannan karon da adadi. Aka cire sunana daga masu tafiya karatu. Abokan da suka tafi sun dawo sun zama manya, wasunsu kun san gidajensu. Ni aka bar ni a ƙauye shekara goma sha ɗaya, shi ya sa ku manyan aka haife ku a can, shi ya sa kuma ba mu yi mota da wuri ba. Ba zan ce muku ban taɓa jin ciwon haka ba, na ji, musamman lokacin biyan bukatunku. Ba kuma zan rantse cewa abin da na yi shi ne daidai ta kowace fuska ba. Mai yiwuwa akwai hanyar da ta fi, wadda ban gano ba a tsakanin bugu na biyu da na uku. Abin da na sani shi ne, daga wannan shekarar, in na tsaya a bakin gonar mutum na ce ga abin da nake gani, yana ajiye fartanya ya saurara. Sukan ce, "Bari mu ji Dami Uku, shi ba ya ƙara wa abu."

Ban da maganar ƙugun nan, Inna ba ta taɓa ce mini komai a kan ranar ba. Da damina ta kewayo dai, na tarar da ƙwaryar irin gero da ta wake a ƙofar ɗakina, ba wanda ya ce shi ya ajiye.

Baba Tanko ya daɗe da rasuwa, jikansa ke riƙe da gangar yanzu, kuma har yau taken gidanmu yana ɗauke da bugu ukun nan a ƙarshensa. Wata rana za a bar shi ya huta shekara ɗaya. Shekara ta biyu za a kaɗa. Na san ba wanda ke noma a cikinku, na san kuma hanyar ba ta da daɗi. Amma ɗayanku ya je, ko kai Garba, ko ke Hadiza in 'yan'uwanki maza sun tsaya duba agogo, don na ga alama kin gaji ɗaurin gyalen kakarki. Ku ari garma a wurin jikokin Baffa Idi. In ba ku ɗaure ko dami ɗaya ba, ku ɗaga murya ku faɗi haka, kada dai ku bari a kai na uku.